Ambulan Ɗin da Ba a Buɗe Ba

A Gyumri, a ɗakin girkinmu, shayi ya huce.
Na kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga tebur,
na shimfiɗa allon ces na mahaifina, Vazgen,
gida sittin da huɗu, ɗaya da tabon wutar sigari.

Takardar wasan ta yi ja kamar ganyen inabi a kaka.
Gasar ma'aikatan masaƙa ce, zagaye na bakwai,
shi da farare, Shawarsh da baƙaƙe.
Rubutunsa ƙanana, sai ka ce tururuwa ta taka tawada.

Kurtun gaban sarki, taku biyu.
Baƙi ya mayar da gaisuwar yadda aka yi masa.
Doki ya fito neman kurtu, doki ya fito tsaronsa.
Sai giwa ta ratsa a karkace ta tsaya,
ta kafa ido kan kurtun nan guda
da ba shi da majingina sai sarkinsa.
Buɗewar Italiya ke nan, tsohuwar turba,
ɗaruruwan shekaru ana taka ta,
har yau ciyawa ba ta rufe ta ba.

Ina 'yar shekara tara yakan ce mini,
"Zaruhi, tsakiyar allo kasuwa ce,
wanda ya riga kasa kaya shi ke yanke farashi."
Ni kuwa lokacin doki kawai nake so,
don shi kaɗai ke tsallake mutane.

Har taku goma littafi ne ke wasa, ba su ba.
A na sha ɗaya Baba ya saki hanya,
ya miƙa kurtu kyauta, ba ko sisi.
Na tambayi na'ura, ta ce kuskure ne.
Na tambayi littafi, ya ja bakinsa.
Dare uku ina mayar da dakaru baya,
ina zama a kujerarsa, ina aron idonsa,
sai a taku na ashirin da shida na gani:
layin da kurtun ya bari a buɗe
nan kwale-kwale ya bi ya sauka a bayan gari.
Haka mu Armeniyawa ke kiran hasumiyar kusurwa,
mu da ba mu da teku.

Taku arba'in, dare ya raba.
Alƙalin wasa ya ce a dakata.
Baba ya kare takarda da tafin hannu,
ya rubuta na arba'in da ɗaya a ɓoye,
ya lashi bakin ambulan, ya liƙe.
Aka tsayar da agogo. Sai gobe, in ji su.

Goben nan bakwai ga Disamba ce.
Kafin rana ta take tsaka ƙasa ta motsa,
masaƙa ta durƙusa da mutanenta.

Ambulan ya kwana a aljihun kwat ɗin alƙali,
matarsa ta kawo mana shi bayan shekara.
Ga shi nan a ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Shawarsh na zuwa duk Lahadi, da sanda, da tari,
ya haura tamanin, hannunsa na rawa,
amma in ya ɗauki giwa rawar takan tsaya.
Shi yana cewa doki Baba ya motsa.
Ni na rantse sarauniya ce.
Mun yi wannan gardama har tagar ta san mu.

Jiya na ɗauko wuƙar yanka cuku,
na sa bakinta a bakin ambulan.
Ya dafa hannuna.
"Bari, 'yata. Muddin yana liƙe
ban ci shi ba, bai ci ni ba,
yana nan zaune gabana, ni yake jira."

Na mayar da wuƙa cikin aljihun tebur.
Ya jera baƙaƙe, na jera farare.
Dusar ƙanƙara ta fara sauka a titin.
Na tura kurtun gaban sarki, taku biyu.